Zomon Yumɓu a Bangon Baffa Ɗalha

Gwandu, ranar Litinin

Zuwa ga autata Madina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Lukuman da 'yan jikokina. Yaya aikin asibiti, yaya zafin Kalgo? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. A waya ba na iya gaya miki komai, don Babanku kullum yana zaune tsakar gida, kuma ciwon nan hannu da ƙafa ya taɓa masa, bai taɓa kunne ba. Shi ya sa na ba Haliru direba ya miƙa miki.

To, dabarar da kika ƙulla da Sallah ta ci rabi ta bar rabi. Dabbobin yumɓun nan da likita ya sa Babanku ya riƙa murzawa don hannun hagu ya saki, waɗanda kika kwashe kika ɓoye a lungunan tsakiyar gari kika sa wurarensu a taswirar waya, wallahi sun tada Gwandu tsaye. Ko ina ka duba sai ka ga samari da 'yan mata riƙe da waya suna bin ɗigo ja, suna leƙa ƙarƙashin dakali da kogon bishiya. Wanda ya samo kunkurun tasha sai ya ɗauki hoto da shi ya mayar inda ya gan shi, kamar yadda kika shar'anta. Har daga Kambaza wasu suka zo a kan babur neman jimina. Ni kaina, da tsufana, na samo akuyar da ke bayan rumfar masu kifi. Kada ki gaya wa kowa.

Amma wanda aka yi abin dominsa, ko gezau. Na lallaɓa shi, na tsokane shi, na ce dabbobinsa sun fi shi sanin gari yanzu. Ya ce shi da ya gina rabin gidajen unguwar nan ba zai fita yana jan ƙafa, baki a karkace, mutane suna yi masa sannu cikin tausayi ba. Ko Baffa Ɗalha mai tireda, amininsa tun suna yara, in ya yi sallama a zaure sai ya ce a ce yana barci. Har bawan Allah ya gaji ya daina zuwa. Ke kin fi ni sanin abin da likita ya faɗa, in ba ya tafiya ƙafar za ta sandare, kuma ba za ta dawo ba. Wannan ne kawai ke damuna, Madina.

In ban da shi, zamanmu da daɗi. Yana cin abinci sosai, faɗa ma ya dawo. Yakan yi kamar bai damu da wasan ba, amma da yamma sai ya tambaye ni, wai ko an gano raƙumin, sannan ya kau da kai kamar ba shi ya yi maganar ba.

Ki gaishe da mutanen gidan duka.

Taki,
Innarki Hajjo


Gwandu, ranar Asabar

Zuwa ga Madina,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma murar da kika ce tana damun ƙaramar ta sake ta. Takardarki ta iso, kuma man zafin da kika aiko mun gode, Allah ya yi albarka.

Yarinya, kin jawo mana magana! Ina rubutun nan ina dariya, amma abin ba na dariya ba ne gaba ɗaya. Ashe zomon nan mai kunne ɗaya a karye, a tsagar bangon bayan tiredar Baffa Ɗalha kika cusa shi? Kuma duk abubuwan duniya ba ki sami abin sa shi ba sai tsohon gwangwanin madara, ki naɗe da baƙar leda? Haba Madina, kamar ba a garin nan aka haife ki ba.

Baffanki dama ya kwana biyu yana ganin baƙin fuskoki suna zagaya masa shago, suna duba waya suna duba bango. Shi kuwa kin san wayarsa mai tocila ce, bai san wani wasa ba. Sai ya je ya laluba da kansa, ya zaro gwangwani, ya buɗe ya ga wata halitta ido ɗaya sama ɗaya ƙasa, baki a murguɗe. Nan take ya yar, ya ce an yi masa binne. Ya rufe tireda, ya koma gida yana shan rubutu, ana ta turara masa hayaƙi. Matarsa ta ce ko tuwo ba ya iya haɗiya. Abin da ya fi muni, ya ɗora zargin a kan Ashiru, wanda ya buɗe sabon shago a gabansa, mutumin kirki da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yanzu ko gaisawa ba sa yi.

Na yafa mayafi na je da kaina, na yi masa bayani tiryan-tiryan, har na nuna masa hotuna a wayata. Ya ƙi yarda. Ya ce in daina rufa wa maƙiya asiri da sunan amininsa. Wai shi ya san hannun Malam Babanku, mutumin da in ya ja bango ko da zare aka auna ba a samun karkata, ba zai taɓa ƙera wannan mummunan abu ba.

Na dawo na rasa yadda zan yi, sai na faɗa wa Babanku yadda aka yi, ban rage ko kalma ba. Da na zo kan maganar hannun, na ga fuskarsa ta canza. Ya daɗe yana kallon hannun nasa a kan cinya. Tausayinsa ya kama ni, har na yi da-na-sanin faɗa. Tun lokacin bai taɓa yumɓun ba, ga shi can ya bushe a kwano.

Kada ki tada hankalinki, kada kuma ki kira shi a kan maganar. Addu'a kawai za ki taya mu.

Innarki,
Hajjo


Gwandu, ranar Alhamis

Zuwa ga autata, 'yar albarka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, ke da Lukuman da yara, da fatan kun tashi lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ranar kasuwa da hantsi ina tankaɗe, sai Babanku ya ce in jiƙa masa yumɓu. Na jiƙa. Ya ce in ɗauko masa babbar rigarsa da hula. Na yi kamar kullum haka muke yi. Ya dunƙule yumɓun a leda ya jefa aljihu, ya ɗauki sanda. Na ce a kira mai keke-napep, ya harare ni ya ce shi ba kaya ba ne.

Madina, da ƙafarsa ya fita. Na bi shi daga nesa kamar mai zuwa cefane. Yana tafe yana hutawa, ƙafar tana ja, gumi har ya jiƙa masa wuyan riga. Mutane kuwa suka yi ta fitowa. Ba wanda ya yi masa sannun tausayin da yake tsoro. Mai nama cewa ya yi ai sun zaci ya yi sabuwar amarya ne ya ɓuya, masu shayi suka kwashe da dariya, shi ma na ga kafaɗarsa tana rawa.

Ya aika aka kira Baffa Ɗalha daga gida, ya zauna a dakalin tiredar. Da Baffanki ya iso, Babanku bai tsaya dogon bayani ba. Ya fito da yumɓu, a gaban duk 'yan kasuwa, ya shiga murzawa da hannun nan da yake ɓoyewa cikin riga in ya ga mutane. Hannun yana rawa, yumɓun yana suɓucewa, yana ɗauka. A hankali sai ga zomo ya fito, ido ɗaya sama ɗaya ƙasa, baki a murguɗe, sak ɗan'uwan na gwangwani. Ya miƙa masa ya ce ga maƙiyin nasa nan, hannun da ya sani ya tafi, wannan ne ya rage, in yana so.

Baffa Ɗalha ya riƙe hannun da hannayensa biyu, yumɓu da komai, hawaye na zuba. Can kuma sai dariya ta ƙwace masa, ya ce shi wallahi kura ya ɗauka, ashe zomo ne. Babanku ya ce wanda bai iya bambanta kura da zomo ba, ba mamaki ya sha rubutun banza. Nan suka shiga zagin juna irin na da. Ni dai na juya na fuskanci rumfar mai albasa, don in aka ga idona a ce ita ce. Kafin azahar Baffanki ya tsallaka ya nemi gafarar Ashiru, shi kuma ya ce ya yafe duniya da lahira, har ya kawo musu lemo mai sanyi.

Tun daga ranar ban ƙara samun Babanku a gida da hantsi ba. Wai zagayen dabbobinsa yake yi, kada ruwa ya jiƙa su. Ya ce ba ki iya ɓoye abu ba, duk ya canza musu wuri, shi da Baffa Ɗalha, Ashiru ke sa musu a taswira. Jiya ma sun kai wani kada har bakin hanyar Malisa, a ƙasa. Abinci ya huce ina jira, ya dawo na yi ta mita, amma Allah ya sani raina fari ƙal. Juma'ar gobe ya ce a masallaci zai yi ta.

Yanzu ga saƙo, kuma da gaggawa. In Haliru zai dawo, ki ba shi takalmi sau-ciki mai ƙarfin ƙasa, irin girman na Lukuman. Na Babanku, ƙafar hagun ta cinye har ta huje, yatsansa yana leƙowa. Ya ce a kai wa mai gyara, na ce a'a, wannan ajiye shi zan yi cikin akwatina.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki yadda kika yi mana.

Innarki mai ƙaunarki,
Hajjo