Birkin Gaba da Alkawarin Litinin

Alhamis, 28 ga Agusta

Sun iso! 'Yata da mijinta da jikata. Shekara shida ina kallon yarinyar nan a gilashin waya, sau biyu kacal na taɓa ɗaukarta, yau ga ta a kan cinyata da nauyinta da komai. Aiki ne ya dawo da ubanta garin nan, sun kama haya a bayan asibiti.

Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Kaka, me ya sa kunnenka yake da gashi?" Kafin in amsa ta jefo wata. Na sa mata suna Sarkin Tambaya.

Tsohuwa, matata, ta ce in rufe bakina haka nan kada ƙuda ya faɗa. Ya ƙi rufuwa.

Asabar, 30 ga Agusta

Na sayi sabon babur. Ja, sai ƙyalli, ko ledar kujerar ban cire ba. Tsohon nawa shekara ashirin da biyu muna tare, in ya tashi da safe sai duk layinmu ya san na fita. Ba zan ɗora jikata a kansa ba.

Mu uku muka je: ni, da Mai Faci, da Direba. Abokaina ne tun ajin yamma na manya, benci ɗaya muka zauna muna koyon baƙi. Kowa ya fito da irin na ɗan'uwansa, launi ne kawai ya bambanta.

Ranar Litinin takwas ga Satumba za a sa Sarkin Tambaya a makaranta. Na ce mata ni zan kai ta, a kan jan babur, har bakin ƙofa. Ta sa na maimaita sau uku.

Ni ina da shekara hamsin da uku na fara shiga aji. Bayan na rufe shagon kafinta nake tafiya, littafi a ɓoye cikin riga. Babu wanda ya raka ni. To, wannan za a raka ta.

Lahadi, 31 ga Agusta

Birkin gaba da laushi. In na matsa hannun birkin sai ya yi nisa kafin ya kama, kamar ana matsa soso. Sabunta ce, zai warware.

Talata, 2 ga Satumba

Mun haɗu a bencin Mai Faci, baburan uku a jere. Na ce, "Naku birkin gaban yana kamawa kuwa?"

Direba ya ce, "Wa yake taɓa birkin gaba? Sai mai son ya ga haƙoransa a ƙasa. Ƙafa, malam, ƙafa!"

Mai Faci ya ce shi tsohon babur ɗinsa ma cire na gaban ya yi ya ɗaure ƙofar bayan gida da wayar. Muka yi ta dariya. Amma da na miƙe na matsa nasu ɗaya bayan ɗaya, duk laushin ɗaya ne. Kowa ya ce sabunta ce.

Tsohuwa ta ɗinka wa kujerar baya ɗan matashi. Ta ce don yarinya ne, ba don tsofaffin ƙasusuwana ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Zan rubuta wannan tunda babu mai karantawa sai ni.

A tsohon babur, in birki ya saki, akwai noti a ƙarshen waya wajen taya. Ka murɗa shi zagaye biyu, shi ke nan. Shekara ashirin da biyu ina yi. Yau da hantsi na duƙa ina neman notin a sabon. Babu waya sam, sai wani baƙin tiyo da ya sauko daga wani ɗan ƙoƙo a kan hannun babur. Can kusa da taya na ga ɗan ƙaramin noti da hular roba. Na ce yauwa, ga ka nan.

Na sa sifana, ya ƙi ɗauruwa. Na ce bari in sassauta shi tukuna in ji yadda yake. Na sassauta, na matsa birki, na saki, na matsa, na saki. Wani ruwa kamar shayin da ba madara ya ɗiɗɗigo a yatsuna. Na yi maza na ɗaure, na goge, na mayar da hular.

Yanzu hannun birkin har jikin mariƙi yake zuwa.

Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

An kawo kayan makaranta. Rigar ta yi wa Sarkin Tambaya yawa, uwarta ta ce za ta girma a ciki. Na saya mata 'yar hular kwano, ta ƙi cirewa har wajen cin abinci. Ta tambaye ni ko malamai suna da kakanni.

Na yi ta lissafi a raina: birkin ƙafa lafiya lau yake. Daga gidansu zuwa makaranta ba nisa. A hankali zan tafi. Wa zai sani?

Juma'a, 5 ga Satumba

Allah ya kiyaye.

Na ce bari in gwada hanyar makarantar ni kaɗai. Akwai gangara bayan kantin magani, an zubar da yashin gini a gefe. Ina saukowa sai ga wata mata ta turo baro cike da kujerun roba ta tsallako. Na taka na ƙafa, tayar baya ta zame a kan yashi, babur ya karkace. Na damƙi na gaba. Babu komai a ciki, kamar na damƙi iska. Da takalmina na tsaya, ina jan sa a ƙasa, tayar gaba ta dunguri baron kaɗan.

Matar ta ce, "Baba, sabon babur ne bai san ka ba, ko kai ne ba ka san shi ba?" Na taya ta tsince kujeru biyu.

Babu ciwo. Takalmi dai ya huje. Amma na tsaya ina kallon ɗan matashin nan na kujerar baya, babu kowa a kai. Tura babur ɗin na yi har gida.

Tsohuwa ta dubi takalmin, ta dube ni. Na faɗa mata duka, har notin. Ba ta yi dariya ba. Gara ma a ce ta yi.

Asabar, 6 ga Satumba

Na je shagon da muka saya. Bakanikensu ya yi tafiya, sai Talata. Talata!

Na biya gidan 'yata. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba, ka san ba zan iya hana ka komai ba. Amma ka san abin da zan roƙe ka." Na ce na sani.

Surukina yana gefe, kansa a ƙasa. Gaskiya tun da ya ɗauke min 'ya ya kai ta nesa, gaisuwa kawai ke tsakaninmu. A hankali ya ce, "Baba, iska ce ta shiga. Wannan da mai yake aiki, ba da waya ba. Ana iya fitar da ita, amma sai mutum biyu. In ba damuwa, in zo gobe."

Na ciro ɗan littafin da aka ba ni da babur, wanda na cusa ƙarƙashin kujera tun ranar farko. Shafi na talatin da ɗaya, ga hoton notina, an zagaye shi. Shekara huɗu na yi ina koyon karatu don kada wani ya karanta min takardata, ga takarda a ƙarƙashin mazaunina mako guda ban buɗe ba.

Lahadi, 7 ga Satumba

Ya zo da ɗan tiyo da kwalba da ragowar man birki na motar ofishinsu. Shi a tsugune wajen taya, ni a tsaye riƙe da birki.

"Baba, matsa. Matsa. Riƙe. Kar ka saki."

"Na riƙe."

"To, saki."

Mutumin da ko idona ba ya iya kallo, yau shi ke ba ni umarni. Sarkin Tambaya na zaune a kan bokiti da hular kwano tana ƙirga kumfar da ke bi ta tiyo. Sau ɗaya na saki kafin ya ce, ya manta da wa yake magana ya ce, "Haba dai!" Ya toshe bakinsa. Na fashe da dariya, shi ma haka, har Tsohuwa ta leƙo ta ce aiki ake ko hira?

Birkin ya fara tauri, har na soma murna. Sai man ya ƙare, ƙoƙon ya kusa bushewa, dole muka tsaya. Shaguna a rufe. Ya ɗan fi da, amma ba yadda littafi ya ce ba.

Ya ce, "Baba, kai za ka yanke." Ya tafi da kwalbarsa.

Litinin, 8 ga Satumba

Da sassafe na matsa birkin sau goma, ko zai tausaya min. Rabi yake kamawa. Na tuna da yashin bayan kantin magani. Na jawo buhu na rufe babur ɗin.

Na sami Sarkin Tambaya a ƙofarsu ta shirya, da hular kwano a kai. Ta leƙa bayana. "Kaka, ina jan babur?"

Na tsuguna na ce ba shi da lafiya, birkinsa ne, kuma ni na ƙara masa ciwon da karambanina. Ta ce, "Sau uku ka faɗa." Na ce, "Na faɗa. Babur ne ba ya nan, amma Kaka yana nan, kuma har bakin ƙofa."

Ta ce to amma ba za ta cire hula ba. Na ce an yarda.

Haka muka kama hanya, tsoho da hujajjen takalmi da yarinya da hular kwano a ƙasa, hannunta cikin nawa. Mai Faci ya hango mu ya ce, "Direba, taho ka ga sabon babur mai ƙafa huɗu!" Ta ɗaga musu hannu kamar wata shugaba.

Wajen kantin magani ta tsaya ta nuna allon shagon. "Kaka, me aka rubuta?" Na karanta mata. Ta ce wanne ne na farko a ciki? Na nuna mata baƙin da yatsa. Ta same shi a allon gaba da kanta, ta yi tsalle. Daga nan ba mu wuce allo ɗaya ba: na tela, na mai gyaran waya, har wanda aka rubuta a daina zubar da shara. Saura ƙiris mu makara.

A bakin ƙofa ta cire hular ta miƙo min, ta ce in riƙe mata. Ta shige ba ta waiwayo ba. Ni ne na tsaya har mai gadi ya tambaye ni ko lafiya. Na ce wani abu ne ya faɗa min a ido.

Talata, 9 ga Satumba

Bakanike ya dawo, mu uku muka tura masa. Ya ce laushin farko daga wajen haɗawa ne, ba a gama fitar da iskar ba, ya ba mu haƙuri. Sannan ya duƙa wajen taya, ya duba nawa, ya duba na Mai Faci, ya duba na Direba. Ya miƙe.

"Iyayena, wa ya taɓa wannan notin?"

Mai Faci yana kallon rufi. Direba yana gyara agogo.

Bakanike ya ce, "Duka ukun da tabon sifana."

Ashe kowa ya yi a ɓoye a gidansa! Direban da ya ce ba ya taɓa birkin gaba, nasa har ya cinye gefen notin. Mun yi dariya har Mai Faci ya sarƙe.

Yanzu yatsa biyu na sa, ya kama gam. Bakanike ya ce mu riƙa haɗa na gaba da na ƙafa tare, a hankali. Direba ya ce ai shi dama haka yake yi.

Asabar, 13 ga Satumba

Na zagaya da jikata layinsu sau biyu a kan babur, uwarta na kallo. Ta ji daɗi. Ta ce amma alluna suna gudu, ba a iya karantawa.

Surukina ya kawo min sabon takalmi. Mun zauna mun jima, ban san yana da ban dariya haka ba.

Litinin, 22 ga Satumba

Mako biyu ke nan. Baƙaƙe tara Sarkin Tambaya ta sani, biyu daga ciki ni na rigaya malamarta.

Tsohuwa ta ce, "Wai birkin bai gyaru ba ne? Kullum da safe yana ƙarƙashin buhu."

Na ce ya gyaru sarai. Hanyar ce akwai yashi. Kuma likita ya taɓa cewa in riƙa tafiya a ƙasa.

Ta ce, "Yaushe?"

Na ce an jima da faɗa.

An kafa sabon allo kusa da mai gyaran waya, dogo, layi uku. Gobe sai mu fita da wuri.