Ɗanyen Katakon Makarar Inna Lantana

Zuwa ga Mai Girma Sufurefe, shugaban gundumar Tanut.
Daga Alhassan Ila, marubucin wasiƙa a bakin kasuwa, a madadin Yahuza kafinta.
Tanut, 24 ga Afrilu, 1978.

Game da: ɗanyen katako da aka sayar da sunan busasshe.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar girmamawa, ina gabatar da kukan Yahuza kafinta, wanda ya zo rumfata ya zauna yana ba hanya baya, don kada masu wucewa su gane shi.

1. A ranar 9 ga Oktoba, 1977, dattawan masallacin unguwarsu suka ba shi aikin sabuwar makara. Ya sayi katakon maɗaci wurin Malam Dado, mai kawo katako daga kudu. Malam Dado surukinsa ne, mahaifin matarsa Raishatu. Yahuza ya ƙi furta sunan ko a gabana. Ni na rubuta shi, tunda takardar hukuma ba ta san surukuta ba.

2. Katakon da ya sha iska a kudu bai gama bushewa ba sai ya ɗanɗana busasshiyar iskar ƙasarmu ta Damargu. Shi ya sa Yahuza kan yanko guntu daga tsakiyar katako, ba daga baki ba, ya ɗora a sikeli, ya ajiye a gefen tanderun mai burodi, ya sake aunawa. In nauyi ya faɗi sosai, to da ruwa a ciki. Wannan karon bai yi ba. Tsohon ya dafa katakon ya ce shekara biyu yana jingine a inuwa, sannan ya rako amalanke har shago, ya nemi tabarma ya zauna. Auna kayan suruki a gaban idonsa daidai yake da ƙaryata shi. Yahuza ya ji sanyin katakon a tafin hannunsa, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aiki.

3. A ranar 11 ga Afrilun nan, Allah ya yi wa Inna Lantana rasuwa, ungozomar da ta yanke cibiyar rabin unguwar, har da ta Yahuza. Zafin bazara ya riga ya tsotse katakon, ya tsuke, mahaɗansa suka yi sako-sako. Ana gab da maƙabarta, katakon wajen ƙafa ya zame. Ba zan rubuta sauran ba, ranka ya daɗe, sai dai in ce likkafani ya taɓa ƙasa, kuma Yahuza yana cikin masu ɗauka.

4. Tun ranar, Malam Dado ke faɗa a kasuwa cewa katakonsa lafiya lau, hannun yaron ne babu albarka. Wanda ya ba Yahuza aikin ƙofa ya aiko an karɓe. Yanzu a sahun ƙarshe Yahuza yake salla, yana fita kafin a shafa addu'a. Raishatu kuwa ta daina zuwa rijiya sai in mata sun watse. Ga shi har yau ana sayar wa masu rufin ɗaki ragowar katakon.

Saboda haka, cikin ladabi, Yahuza yana roƙon a turo ma'aikacin gandun daji ranar kasuwa, ya yanko guntu daga ragowar katakon, ya auna, ya busar, ya sake aunawa a gaban dattawa, domin hukuma ba ta da suruki. Ba ya neman a hukunta tsohon, wannan ya maimaita mini shi har na gaji. In katakon ya fito busasshe, Yahuza zai ajiye zarto har abada. In ya fito ɗanye, a roƙar masa dattawa su mayar masa da aikin. Zai cire ƙofar ɗakinsa, wadda ta bushe tun zamanin mahaifinsa, ya yi wata makarar da ita. Ya ce makarar unguwa ɗaya ce, kuma da surukinsa da shi kansa, a kanta za a ɗauke su.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Mai biyayya gare ka,
Yahuza kafinta (ya dangwala yatsa)
Marubuci: Alhassan Ila