Mun Wuce Ƙofa, Barira

Jibiya, 1976

Zuwa ga Barira, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan randa bayan ƙurar hanyar Maraɗi, watan da nake dubawa ni kaɗai.

Na jinjina wa lissafin nan naku, intigireshan. Gwani ne! Wane saurayi zai riƙe yarinya tun damina ba ta rubuto ko layi ɗaya ba, in ba alamar nan tasa mai wuyan zalɓe ba?

Kin tuna lokacin hutu, gindin dalbejiyar ƙofar gidanku, ranar da wata tambaya ta ƙi ki tun hantsi har la'asar? Kika ciji biro, kika yage shafi, can sai kika yi dariya. Kika ce in lissafi ya ƙi warwaruwa, sai a ɗauki wurin da ya cije a sa masa suna da harafin u, a wuce da shi, amma tilas a ƙarshe a maido masa sunansa na gaskiya, in ba haka ba malami ya soke da jan biro. Na ce ai mu ma haka muke yi: durom ɗin fetur kan wuce 'yan duwan, kwastan na iyaka, da sunan man gyaɗa, in ya isa Maraɗi ya koma fetur.

Ashe ni ne durom ɗin.

Ranar ziyara a makarantarku ta Zariya, mai gadi ba ya barin kowa sai dangi, kika ce ni yayanki ne. Dabara ce, har na yaba. To amma mun wuce ƙofa, Barira. Manu, ɗan ajinku mai tabarau, wanda kuke warware tambayoyin tare, ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓar mini jaka. Shekaranjiya ya aiko wani direba da goro, wai ni Yaya in sa masa baki wajen Baba a ba shi aurenki.

Kasuwa ta cika, kowa da sabon babur da rediyo. Ni kuwa in motocin yamma sun tashi, sai in zauna kan buhunan gero ina kallon hanyar Katsina, kamar rijiyar da aka ɗauke wa guga. Goron na nan, ban ci ba, ban mayar ba.

Ba na kishi da karatunki. Ki cinye jarrabawa, ki haye jami'a, za ki tarar da ni inda kika bar ni. Abu ɗaya nake roƙo: ki gaya wa Manu ko ni wane ne, kafin iyayensa su ɗauko hanya.

Naki, ko an rufe iyaka ko an buɗe, har ranar da za a rufe ni,
Rabe.

Af, Malama: wanda ya sa u ya manta bai maido ba, maki nawa ake ba shi?