Bishiyar Gulizar

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Dusar ƙanƙara ta fara sauka a Erzurum. Ni da maƙwabcina Dursun muka shigo da bishiyar Gulizar daga baranda. Yana nishi yana cewa, "Fikret, wasu matan zobe suke bari idan za su tafi, taka ta bar maka aikin dako." Na yi dariya don kada ya ji kunya.

Ranar da matar tawa ta koma gidansu a Mersin ta ce tukunyar da bishiyar take ciki ba za ta shiga bas ba, za ta zo ta ɗauka idan ƙanƙara ta narke. Ba ta ce don ni za ta zo ba. Amma dai za ta zo. Aikina kawai bishiyar ta kai lokacin da rai.

Talata, 21 ga Nuwamba

Ganye na zuba. Ko bara ma haka ta yi? Shekara da shekaru muna ɗaki ɗaya da ita, ban taɓa lura ba. Farin furen nan mai rawaya a tsakiya kaɗai na sani, da ƙamshinsa.

Asabar, 9 ga Disamba

Na matsar da bishiyar kusa da murhu, na ga kamar zafi ya yi yawa, na mayar. Na sake matsarwa. Inna tana kallona daga kan shimfiɗa, ƙwayar sukari a kumatu, kofin shayi a hannu. "Ka bar sandar nan ta huta, ɗana." Ita da Gulizar ba su taɓa shiri ba, ko a kan gishirin miya.

Laraba, 27 ga Disamba

Babu ganye ko ɗaya.

Juma'a, 12 ga Janairu

Mai sayar da furanni ya ce irin wannan barci take yi da sanyi, kada a ba ta ruwa ko ɗigo. Ni ma na daina tun tuni. To me ya sa ƙasar take jiƙe kullum? Na danna gindin, ya lotsa kamar dafaffen dankali.

Lahadi, 14 ga Janairu

Yau ban je aiki ba, sai na gani da idona. Inna ta gama karin kumallo, ta ɗauki buta ta juye sauran shayin a tukunyar, har da ganyen, kamar yadda take yi wa furanninta na taga. Kullum take yi, tun Nuwamba.

Na ɗaga mata murya. Ban taɓa ba.

Ta ce, "Duk garin nan wa ba ya ba fure shayi? So nake amarya ta zo ta tarar da abinta ya yi ƙiba, ko ta zauna." Har yanzu amarya take ce mata. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ni na ɗauka murna take da tafiyar.

Litinin, 15 ga Janairu

Na kira Gulizar. Na rubuta abin da zan faɗa, ban faɗi ko rabi ba. Ta yi 'yar dariya. "Shayi? Allah sarki Inna." Ta ce in yanke rassan daga sama, inda suke da tauri, in ajiye su bushe, kada in dasa, kada in taɓa. "Ka ji ko, Fikret? Kada ka taɓa. Kai ba ka iya barin abu ya yi numfashi ba."

Sai ta ce, tunda yanzu reshe ne, ai zai shiga bas. In aiko mata idan sanyi ya sassauta.

Ke nan ba za ta zo ba.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Rassa biyu ne suka tsira. Suna kan kabad a cikin jarida. Gindin na zubar, wari yake. Dursun ya nemi tukunyar zai shuka albasa, na ce a'a, ban san dalili ba.

Inna ba ta ƙara zuba wa ko nata furannin shayi ba. A bututun wanke-wanke take juyewa.

Alhamis, 7 ga Maris

Na kai tasha. Inna ta naɗe reshen da tsohon mayafinta na ulu, ta sa a kwali, ta cusa kwalbar zuma a ciki. Na roƙi direba ya ajiye a kusa da shi, kada ya sa a ƙasan mota. Ya ce, "Yallaɓai, sanda ce fa." Na ce na sani.

Asabar, 9 ga Maris

Saƙo ya shigo: "Ya iso. A gaida Inna. Ɗaya na gani, ba biyu ka ce ba?"

Ban amsa ba tukuna.

Ɗayan yana cikin tsohuwar tukunya, a busasshen yashi, bakin taga. Ba na jin zai yi. Garin nan ba nasa ba ne, kuma ni ne mai kula da shi. Ɗazu Inna ta wuce ta gabansa da buta, ta ɓoye ta a bayanta kamar mai laifi, muka haɗa ido, saura kaɗan mu yi dariya.

Sai da na zauna rubutun nan na tuna ban danna shi ba yau. Jiya ma, ina jin.