Kurma da Ƙafar Babanki

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan naki da jikokina. Mu ma lafiya, in dai wannan sunanta lafiya.

Ƙafar babanki ta sake kumbura. Likita ya ce ɓarɓashin ƙarfen da ya rage masa a gwiwa tun lokacin yaƙi ne yake ruɓar da naman, in ba a cire shi a watan nan ba, ƙafar za a yanke. An ba shi gado a asibiti, ya ce ba inda za shi. Kin san dalili? Kurma. Wai tsohon dokin nan ba ya cin abinci sai daga hannunsa, in ya yi kwana biyar ba ya nan gawa zai tarar.

Na roƙa, na yi kuka, na kira ƙaninsa. Sai ya sake ɗauko mana labarin da muka haddace: yadda ƙarar igwa ta kashe wa dokin kunne, yadda dokin ya fito da shi a sume daga bakin daga bayan mahayan da yake jagoranta duk sun watse. Na ce to ni da na shekara talatin da huɗu ina ɗawainiya da shi, wa ya taɓa ba da labarina?

Ki rubuto masa yau-yau. Ke kaɗai yake jin nauyinki.

Ki shafa mini kan yaran.
Mamanki

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin ƙaramin, tarin ya sauka?

Allah ya yi miki albarka, wasiƙarki ta yi aiki. An yi tiyata, ƙafa ta tsira. Amma sai da na rantse masa ni zan kula da Kurma.

Ranar farko na sa tsohuwar rigar sojan babanki don ya ji ƙamshinsa. Ya shinshina, ya gantsara mini cizo a kafaɗa. Rana ta biyu ya juya mini baya. Ta uku na kifa bokiti na zauna a gabansa, tunda ba ji yake ba, na zazzage masa duk abin da ke cikina game da shi da ubangidansa. Ban ankara ba sai na ji leɓensa a tafin hannuna. Ya cinye dusar da na riƙe masa tas.

Na ruga asibiti da albishir. Babanki ya tambaye ni sau biyu ko daga hannuna ya ci. Na ce ƙwarai. Sai ya juya fuska bango. Kwana biyu ke nan ba ya yi mini magana, ya gaya wa nas wai an ci amanarsa.

Don Allah ki zo ki yi jinyar ubanki. Ni ƙarfe huɗu Kurma yake cin abinci, kuma ba ya son a makara.

Ki gaida maigidan.
Mamanki