Takabar Gwaggo Kaltume

Zuwa ga Gwaggo Kaltume,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin sauƙin kwanciya da yalwar kabari. Na san ba a kai wasiƙa inda kike, shi ya sa na ajiye ta a wannan shafi, inda matan da suka ci tuwonki za su leƙo su karanta, gobe mu haɗu su yi kamar ba su gani ba.

Gwaggo, ki kwantar da hankalinki, an yabe ki. Ranar sadakar arba'in ɗinki zauren da muka kama a Alexandria bai ɗauke mu ba. Likitoci sun zo, injiniyoyi sun zo da matansu, kowa da abin faɗa. Aka ce ba a taɓa ganin mace mai kunya irinki ba, shekara goma sha biyar a ƙasar Turawan nan babu mai hotonki ko ɗaya. Aka ce tawali'u ne ya sa kullum kike zama a lungu, bayanki a jikin bango, idonki a kan ƙofa. Aka ce tsabar kula ce ta sa ba kya miƙa wa kowa abinci sai kin ɗanɗana, kin ajiye cokali, kin dubi agogo. Ni ma na gyaɗa kai na ce haka ne. A kasuwa na tashi, na iya gyaɗa kai zuciyata tana wani wuri.

Kin san ni, Ladidin da kike kira 'Yar Kasuwa, mai haɗa turaren wuta a ɗakin ƙasa na gidanta a Bowie. Duk Juma'ar farkon wata nakan tuƙo mota in hau hawa na goma sha huɗu na benenku in kawo miki kwalbarki. Tun zuwana na farko kika ce mini mijinki malamin firamare ne, ya rasu shekara talatin da suka wuce. A wannan zaman kuma kika shinshina itacen sandal ɗina kika ce an yi masa haɗi, kika gaya mini garin da ake samun na gaske. Na san matan malaman firamare da yawa, Gwaggo. A gidan ɗaya daga cikinsu aka haife ni. Ba su da irin wannan hanci.

Kin tuna Maryama, nas ɗin nan ta Annandale, 'yar ƙasarku, mai Hausa da ɗigon Faransanci a ciki? Ita ce take biyowa duk mako bayan ta tashi aiki ta auna miki jini, tana ce miki Mama. Kowa ya san labarinta. Mahaifinta likita ne. Lokacin yaƙin ƙasarku, wata rana da azahar, aka aiko mota daga gidan sojan da ke mulki, wai ana son ganinsa. Ya bar shayinsa bai shanye ba. Maryama tana 'yar shekara tara. Har yau babu wanda ya ce mata ga inda aka kai shi, ba ta da kabarin da za ta tsaya a kai. Ba zan kira sunan ƙasar ba, ba zan kira na sojan ba. Masu karatun nan sun fi ni sani.

Ranar sunan 'yar Maryama ni na ɗauke ki. Kina shiga falo kika ga hoton mahaifin Maryama a bango, mai tabarau, kika tsaya cak. Kika ce kanki yana sarawa, in mayar da ke gida. Ko waina ba ki taɓa ba. Daga ranar ba ki sake taka Annandale ba, kullum da uzurin ƙafa. Amma ƙafar nan takan kai ki Bowie, wadda ta fi nisa.

Duk wannan zargi ne, kuma zargi ba ya cika kwalba. Abin da ya kama ki turare ne.

Wata Juma'a na zo da kwalbarki kika ce in koma da ita, wai likita ya hana ki shaƙar hayaƙi. Na dube ki. Babu kwalli, babu 'yan kunne, lallen hannunki ya koɗe ba ki sabunta ba, kina ɗaure da wani tsohon zani da ban taɓa gani ba. Wata na biyu haka, zanin nan dai. Wata na uku aka yi bikin da duk garin nan ya zuba, kika aiko da gaisuwa. Na tambayi Maryama ko ta san maganar hayaƙi, ta ce ƙirjinki ya fi nata lafiya.

Sai wata safiya kika bugo waya, murya wasai: 'Yar Kasuwa, kawo mini kayana. Na zo na tarar kin yi kitso, kin zizara kwalli, kasko yana jiran garwashi. Da zan tafi kika ba ni leda, tsohon zanin ne da mayafi da riga, kika ce in bayar sadaka.

A kan hanyar komawa cunkoso ya riƙe mu kan gadar kogi. Ledar tana kujerar gefena. Ina kallonta, sai na ji yatsuna sun fara ƙirge da kansu. Wata huɗu da kwana goma. Na sake ƙirgawa baya-baya, na dira daidai kan ranar da Maryama ta kira ni tana kuka haɗe da dariya, ta ce rediyo ya faɗa, sojan nan ya mutu a ƙasar da ya gudu, ya mutu a kan gado kamar mutumin kirki.

Gwaggo, maƙwabtanki na hawa na sha huɗu ba za su taɓa ganewa ba. Likitocinmu ma ba su gane ba, su jini suke aunawa. Amma mai sayar da turare ta san abu ɗaya ne ke raba mace da ƙamshi wata huɗu da kwana goma, ba ƙari ba ragi. Takaba kika yi. Kuma malamin firamare ba ya mutuwa sau biyu.

Shekara shida na riƙe bakina. Zan so in ce tsoron Allah ne, amma har da son kai. Lokacin da mahaifiyata ta rasu a Kano, takarduna na zama ba su fito ba, ban isa in je in dawo ba, ke ce kika kwashe mako guda a gidana. Kika dama mini kunu, kika ɗanɗana, kika dubi agogo, sannan kika sa mini kofin a baki. Kika ce: sha, 'yata, babu abin da zai same ki. A lokacin na riga na san wa kika koyi yi wa haka. Na sha. Ban taɓa shan kunu mai daɗinsa ba.

A asibiti, kwana biyu kafin ki cika, kika danƙa mini makulli. Kika ce akwai ƙaramar akwati a ƙarƙashin gadonki, in ƙona ta da abin da ke ciki, kada in buɗe. Na ce to. Ina isa Bowie ko mayafi ban cire ba na buɗe.

Wasiƙu ne, an ɗaure da zare. Hausarsa ta bariki ce, duk a karkace. Mutumin da gari guda ke yin tsit idan motarsa ta wuce, ga shi yana ƙorafin gyambon ciki, yana tambayar ko kyanwarki ta haihu, yana cewa tun da ya fita bai yarda da tukunyar kowa ba. Daga wasiƙun na gane shekara goma sha ɗaya kika yi a wani gida bayan bariki mai doguwar katanga. Ba a fita da ke fareti, ba a kiran sunanki, masu gadi ma da lamba suke kiran gidan. Na juye akwatin ina neman shaidar ɗaurin aure, ko sunan waliyyi, ko ambaton goro. Babu. Ko dai an ɗaura a ɓoye, ko kuwa ke kika ba kanki matsayin da ya hana ki, bayan ya mutu ba zai iya cewa a'a ba. Wannan tsakaninki ne da Ubangijinki.

Can ƙasa na sami hoto guda. Ashe kina da hoto. Tebur ne a gindin mangwaro, shi yana sanye da jallabiya yana dariya, ke yarinya ɗanya riƙe da tire. A gefensa ga mai tabarau, wanda ke bangon Maryama. Na juya bayan hoton. Da ajami kika rubuta, da hannun nan naki mai kwanciya: sunan wani ƙauye, sannan kalma uku, bayan tsohuwar rijiya. Tawadar sabuwa ce, Gwaggo, irin ta biron da ake rabawa a kantin magani a nan. Ba a bariki kika rubuta ba.

Shekara nawa yarinyar nan tana naɗa miki abin awo a dantse, tana ce miki Mama, amsar tana ƙarƙashin gadon da kike zaune a kai?

To ga abin da na yi, gara ki ji daga bakina. Wasiƙun na ƙone su a kaskona a bayan gida, na zuba musu sandal na gaske. Wannan sirrinki ne, kuma na cika miki rabin alkawari. Hoton ban ƙona ba. Jiya bayan la'asar na kai wa Maryama. Ta karanta bayansa sau uku, ta tambaye ni hannun wa ne. Na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ki ba. Ta ɗauko jakar aikinta ta fitar da 'yar takardar da take rubuta awon jininki, ta daɗe tana kallo, ta mayar. Sannan ta ce akwai ɗan'uwanta da ya san ƙauyen. Ban tambaye ta ko ta yafe miki ba. Ba hurumina ba ne, kuma ba na jin lokaci ya yi.

Ni dai na yafe miki ƙaryar hayaƙi. Ki yafe mini akwati.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yi miki hisabi da rahamarSa ba da abin da idonki ya gani kika yi shiru ba. Allah Ya jiƙan mai tabarau, Ya sa rijiyar tana nan, Ya ba 'yarsa wurin da za ta tsaya ta ɗaga hannu. Mu da muka rage, Allah Ya rufa mana asiri irin rufin da ba ya danne haƙƙin wani. Amin.

Taki har kullum,
Ladidi 'Yar Kasuwa, Bowie.

Saura abu ɗaya, Gwaggo. Kin san matan garin nan kaf, akwai salihai a cikinsu waɗanda ko ledar maƙwabciya ba sa leƙawa. In da gaske ƙonawa kike so, me ya sa kika ba ni?