Juma'ar da Ka Ware wa Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanena Kamaruddeen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Raudatu da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku a Legas. Mu nan sai godiya. An gama yankan gero, dawa ma ta kusa, ƙanenmu Kassimu shi kaɗai yake fama da gandu tun rasuwar Baba. Inna ce dai jikin ya ƙi daɗi. Ƙafafun sun kumbura, koko ma rabin kofi take sha ta ture. Na rubuta ne na ba direban da ke ɗaukar maka kaya, don in na kira ka a waya ba na kai tsakiyar magana kake ce mini kana mitin.

Saƙonka ya iso wurin maigidana, Malam Iliyasu. Ka ce za ka zo sadakar arba'in ɗin Baba, amma ya tara maka manoman riɗi a ƙofar gida a ranar, ku yi ciniki, a rubuta rasit, a ɗauki hoto, don tafiyar ta shiga lissafin kamfaninka. Malam mutum ne mai kawaici, ya ce to. Ni ban ce to ba.

Ban manta bayanin da ka yi mini ranar zaman makoki ba. Ka ce akantanka ya gaya maka in yawancin kwanakin tafiya na aiki ne, ana cire kuɗin jirgi da na otal daga ribar kamfani kafin masu haraji su yanki nasu. In kuwa ka zarce gida ka yi zamanka, tafiyar ta zama ta kanka, ba abin da za a cire. Shi ya sa da aka ce maka jikin Baba ya yi tsanani ka sauka Kano farkon mako, ka kama otal, ka shiga Dawanau da Bici kana sayen riɗi, ka ware wa Baba ranar Juma'a. To, Baba bai san da wannan tsari ba. Abin da ya sani shi ne ɗansa ya sauka Kano. Ya sa aka yi masa aski, aka canza masa riga, duk motar da ta biyo hanyar garinmu Shanono sai ya ce a leƙa. Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Ka iso mutane na dawowa daga maƙabarta.

Na san kwanansa ne ya ƙare, ko kana riƙe da hannunsa zai tafi. Na kuma ga kukan da ka yi, ba na ƙarya ba ne. Amma raina ya ɓaci, Kamaru, har yau bai huce ba, kuma sai ga shi kana shirin maimaita abin. Ban ce ka ba gwamnati abin da ba nata ba. Guminka ne, da shi ake sayen maganin Inna, da shi aka yi mana rufin kwano. Amma ka tsaya ka hango ranar: malamai na zaune a tabarma suna yi wa Baba addu'a, a gefe ana ɗora buhu a sikeli, kai kana gyara hula a ɗauke ka hoto. Da wane ido za mu kalli mutanen gari? Ka biya wannan tafiya ɗaya daga aljihunka. Ka zo gida kai tsaye, ka kwana a ɗakinka, ka zauna kusa da tsohuwar nan tun tana gane mutane. In ka gama, kasuwa na nan, ka je ka yi ta tara rasit ɗinka.

Ka gaishe mini da Raudatu, ka ce na gode da atamfar. Ina gaida Najib da Tahira, Allah ya yi musu albarka. Malam da Kassimu suna gaishe ka.

Saura saƙon Inna. Ta ji Malam da Kassimu suna maganar tara maka manoman riɗin a tsakar gida, ta kira ni ta ce in fassara mata. Na so in kauce, ta ce ba ta yarda ba, sai na gaya mata duka. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta sa Kassimu ya kakkaɓe riɗin gayaunarta, ɗan abin da aka samu bai cika rabin buhu ba, aka ajiye a ƙarƙashin gadonta. Ka san ba ta kama sunanka. Ta ce in gaya wa mutumin Legas ita ma tana da riɗi na sayarwa, ya fara zuwa wurinta ya saya, ko Allah zai sa ranarta ta shiga cikin kwanakin aiki. Wallahi ba da gatse ta faɗa ba. Har ta tambaye ni ko dangwala yatsa zai isa a rasit ɗin, tunda ba ta iya sa hannu ba.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Zulaihatu